Biya Mini Abin da Likita Ya Faɗa

Tabarya ce ta tona mini asiri. A gidanmu na unguwar Briketeri, a Yawunde, kowace mace da irin dakanta, kuma Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, tana iya zama a ɗakinta ta faɗi wadda ke bakin turmi ba tare da ta ɗaga labule ba. Nawa dakan a da mai sauri ne, har da lugude idan na samu abokiya. Ran nan da hantsi ina surfen masara, sai tabaryar ta yi tim, tim, ta yi shiru. Ta sake yin tim ɗaya, ta yi shiru mai tsawo. Ina dafe da bakin turmi ina jiran bayana ya sake ni, na ji muryarta daga ciki.

"Wannan daka ne, ko sallama ake yi mana?"

Na ce hutawa nake yi. Ta ce in shigo in huta a gabanta, kuma in saki labule.

Abin ya faro ne tun cikin 'yata. Ita ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, a nan ma ba zan fara ba. Ƙirjina ya cika kamar na kowace mai ciki, sai dai nawa bai san inda ake tsayawa ba. Mata suka ce in na yaye zai koma. Na yaye, bai koma ba. Yarinya ta yi wayo, ta shiga makarantar allon da Goggo ke yi a gida, ta fara ba-sin-mim, ni kuwa ina nan ɗauke da kayana, kuma wani cikin bai sake zuwa ba. Babu rigar mama a kasuwa da ke shiga ta. Maigidana maɗinki ne, aikin wuyan babbar riga yake yi a shagonsa na bakin titi, amma kunya ba ta bar ni na kai masa wannan ɗinki ba. Da hannu nake ɗinka abina da ragowar akoko. Igiyar ta yi mini kwari a kafaɗu biyu. Idan damina ta kankama, kuma a Yawunde ruwa ba ya nisa, ƙasan wajen sai ya saɓule ya yi ja, hoda ba ta yi masa komai. Da asuba yatsuna biyu na hagu sukan tashi a mace. Matan unguwa suna tsokanata a bakin famfo, wai mai tulu biyu ta zo ɗiban ruwa da bokiti, ni ma in yi dariya tare da su.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne salla. Ruku'u ina iya sauka, tasowar ce aiki. Na koma salla a zaune ban kai shekara talatin ba, ina rufe ƙofa don kada Goggo ta gani, ita da furfura ta gama rufe mata kai amma a tsaye take kai nafilolinta.

Ranar ta sa na zame zane ta ga kafaɗuna. Ta sa yatsa a cikin kwarin. Daga baya ta ce ai wannan kaya ne, kaya kuwa ana sauke shi.

Mun yi na gida iyakar yinmu. An jiƙa saiwa, an shafa, an sha rubutu. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa ta gaya mana akwai likita a babban asibiti, lopital kamar yadda kowa ke cewa, wanda ya dawo daga karatu a waje, yana rage irin wannan da aikin tiyata. Maigida bai amsa nan take ba. Sai da ya je wurin limamin masallacinmu ya tambaya a sakaye ko wannan canza halitta ne. Liman ya ce abin da ya hana mace tsayuwa gaban Ubangijinta cuta ne, neman maganinsa kuma ba kwalliya ba ce. A shekarun da jirgin ƙasa ya fara kaiwa Ngaundere ne, mutane sun fara yarda cewa abin da a da sai an haye teku, yanzu ana yinsa a gida.

Ni da maigida muka je. Muka yi zaman benci a baranda ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa har ƙafa ta yi tsami, sannan aka kira mu. Likitan mutumin kudu ne, da gilashi, furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Ya duba ni a bayan labule tare da wata nas, sannan ya zaunar da mu ya fara bayani da Faransanci. Na yi kolej har aji huɗu kafin aure, Faransanci ba ya ba ni wuya, shi ya sa ma ba mu nemi tafinta ba. Maigida kuwa Turancin Pijin ɗinsa na ciniki ya fi Faransancinsa ƙarfi.

Likita ya jawo takarda ya zana abin da zai yi. Ya zana siffar nono, ɓaro-ɓaro, a gaban mijina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigida ya kafe idonsa a kalandar bango kamar an ba shi hadda a kanta. Ni kuma na sunkuyar da kai, duk inda muryar likita ta tsaya sai in ce, "Oui, docteur." Haka aka koya mana. Babba mai ilimi yana magana, naka shi ne to. Ba ka katse shi, ba ka ce ya maimaita, balle maganar ta shafi abin da ko sunansa ba a kamawa a gaban miji da rana tsaka. Har yau ina iya faɗin launin takalminsa, da tsagar da ke jikin gilashin tagar, da warin maganin da suke goge hannu da shi. Ya yi magana mai tsawo. A ciki na ji ya ce ciwon baya zai tafi, sai zuciyata ta rungume wannan ta zauna a kai. Maigida ya sa hannu a takardarsu, muka yi godiya, muka tari taksi.

Mun tarar da Goggo ta sallami 'yan makarantarta, tana kife alluna a jikin bango. Ta tambayi abin da likita ya ce. Na ce ya ce za a yi, kuma zan samu sauƙi. Ta ce madalla, sai kuma me. Na ce za a ɗinke, zai bar tabo. Sai kuma me. Nawa ya ƙare a nan. Ta juya wajen maigida, wanda ke tsugune a bakin ƙofa saboda ita surukarsa ce. Ya ce an ba da rana, kuma an ce a zo da mutum biyu masu ba da jini. Iyakar abin da ya kwaso ke nan.

"Kun fita rana ba ta yi zafi ba, kun dawo an yi azahar. Duk wannan zaman, magana uku ya yi?"

Na ce ya faɗi abubuwa da yawa, kuma duk na gane. Ba ƙarya na yi ba, a raina haka nake ji.

"To, biya mini."

Da wannan kalma na tashi. Kowace safiya yarinya za ta durƙusa gabanta da allo, ba za a yi mata ƙari ba, ba za ta wanke ba, sai ta biya na jiya da ka. Na buɗe baki in biya, na tarar allon a wanke yake. Akwai alamar an yi rubutu, amma ba harafin da ke karantuwa. Goggo ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ba ta san aikin likita ba, amma ta san wanda bai iya biyawa ba bai karɓi karatu ba, wanda bai karɓa ba kuma amincewarsa ta baki ce. Ta ce jikina ne za a sa wa wuƙa, ba na maigida ba, ba nata ba. Za mu koma, ita da ni, maigida ya zauna a shagonsa ya ji da zarensa. Na ga ya saki ajiyar zuciya.

Na so in ƙi. Ina jin nauyin a ce 'yar kolej ta dawo tana neman a maimaita mata. Kuma a can ƙasan raina akwai tsoron kada in ji abin da zai hana ni aikin. Amma ba a yi wa Goggo musu idan ta riga ta ɗauko mayafinta na fita.

Nas ɗin da ke ƙofa ba ta so ba. Ta ce da Pijin ai an gama da mu, ranar aiki kawai za mu dawo. Goggo ta zauna a benci ta fito da carbi, ta ce in gaya mata ba ma sauri. Sai da aka sallami kowa likita ya leƙo ya gan mu.

Na gaya masa, ina kallon ƙasa, cewa uwata ce ta ce in biya mata abin da ya faɗa na kasa. Na zaci zai ji haushi. Sai ya cire gilashi ya murza ido, ya ce ba ni ce farau ba. Ya ce yakan zauna ya yi bayani har makogwaronsa ya bushe, mutum ya ce ya ji, bayan aiki ya dawo yana rantsuwa ba a taɓa gaya masa ba. Goggo ta ce in gaya masa ga yadda za a yi: ya faɗi abu ɗaya ya tsaya, in mayar masa da Faransanci ya ji ko daidai ne, in juya mata da Hausa, sannan ya yi ƙari. Da na fassara ya yi dariya, ya ce haka aka koya musu addini a makarantar mishan ta ƙauyensu, da bulala a gefe. Goggo ta ce tata bulalar ta bari a gida, amma idan yana so a aika a ɗauko.

Ta kama hannuna na dama ta buɗe shi a kan cinyarta. Kowace magana sai ta ɗora ta a yatsa ɗaya, ta lanƙwasa.

Ya fara da allurar barci. Ya ce yawanci ana tashi lafiya, amma ba aikin da ba shi da haɗari, kuma jini yana iya zuba har a nemi ƙari. Na mayar, na juya. Goggo ta ce rai na Allah ne, ta lanƙwasa ɗan ƙaramin. Ya zo kan tabo. Ni na ɗauka ɗan layi ne. Ashe zai kewaye kan nono, ya gangaro, ya bi ƙasa daga gefe zuwa gefe, ba zai taɓa ɓacewa ba, kuma a fata irin tamu wani lokaci yakan kumbura ya yi kauri. Na mayar na tsallake kumburin, ya ce saura. Na sake. Sai ya ce ciwon yana iya yin ruwa ya daɗe bai warke ba. Kuma biyun ba lalle su zo daidai da juna ba, kan nonon ma yana iya daina ji, in taɓa in ji kamar jikin wani. A nan muryata ta shige ciki. Goggo ta ce in ɗaga murya, daga ita sai likita sai Allah, kuma dukansu sun san abin da ake nufi.

Abin mamaki, duk maganar da na juya ta koma Hausa na furta da bakina, sai in ji ta sauka ta zauna. Da Faransanci tana wucewa ta saman kaina kamar labarin wata mata a littafi. Da na ce "nonona" da harshen da nake mafarki da shi, sai ta zama tawa.

Sannan ya ce, hanyoyin da ruwan nono ke bi za a yanke wasu. Idan na sake haihuwa, nono ko ya zo, ko kada ya zo, ko ya zo kaɗan wanda ba zai ƙosar da jariri ba. Shi ba zai iya yi mini alkawari ba.

Ban mayar ba. Na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce wannan bai faɗa ba wancan zuwan.

"Na faɗa, madam. Har na maimaita, saboda na ga ke yarinya ce. Kika ce oui, docteur."

Na lalubi kaina ko'ina ban samu ko inuwar maganar ba. Amma na yarda da shi, domin na tuna akwai inda ya tsaya ya ƙura mini ido yana jira, ni kuma na ba shi to ɗina don ya wuce.

Goggo ta taɓa ni ta ce me ya ce. Na juya mata, hawaye na zuba. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya ba 'yata ƙane. Ban taɓa kawowa a raina cewa ɗan zai zo ya tarar da tukunya a bushe ba. Likita ya ce mafi kyau da zan jira sai na gama haihuwa. Goggo ta ce in tambaye shi a ina ake rubuta ranar gamawa, mu je mu duba. Ya yi murmushi ya ce gaskiyarta. Ya ambaci madarar gwangwani da kwalba. Ta ce ta ga 'ya'yan kwalba a unguwa, da yadda ruwan famfonmu ke yi da cikinsu, ba ta ce ba za a taɓa ba amma ba za a jingina da ita kaɗai ba.

Ta ware yatsana manuni, wanda ta tsallake tun farko. Ta ce wannan maganar a nan za ta zauna, a yatsan da nake ɗagawa a tahiya, don in riƙa ganinta kowace salla. Ta sa na biya har sai da maganar ta zauna. Akwai sauran bayani da bai samu yatsa ba, cewa in ciki ya zo yana iya sake cika, da cewa ba daka ba ɗaukar bokiti sai ya ba da izini. Waɗannan muka zuba a tafin hannu. Likita ya ce ranar da aka ba mu tana nan, amma idan na fasa ba wanda zai ga laifina.

Muka tari taksi. Muna hawan tudun unguwa, hayaƙin masu tsire ya fara tashi, kekunan ɗinki suna ta kuka a shaguna, Goggo ta ce yanzu ne aka tambaye ni, wancan karon ba a tambaye ni ba.

Kwanakin da suka biyo baya, kowace safiya bayan 'yan makaranta sun biya nasu sun watse, ni ma sai in durƙusa in biya nawa, yatsa bayan yatsa. Da waƙe nake yi, irin muryar tilawa, don haka ya fi zama. 'Yata a ɗakin Goggo take kwana, a nan take wuni, tana gefe tana wasa da 'yar tsanarta ta kara. Ba wanda ya kula da ita. Na yi istihara. Na gaya wa maigida maganar nono, ina bayansa ina ninke kaya don kada mu haɗa ido. Sai ya ce ɗan da bai zo ba Allah ya san abincinsa, wadda ke gabansa kuwa yana ganin yadda take tafiya a duƙe.

Amma Goggo ba ta barin magana a rataye. Ta ce idan nono bai zo ba, sai wata ta shayar, kuma ba kowace mace ake miƙa wa jariri ba, domin nono yana ƙulla abin da ba ya kwancewa. Duk wadda ta shayar da shi ta zama uwarsa, mijinta ubansa, 'ya'yanta duka 'yan'uwansa, ba aure tsakaninsu har abada. Irin wannan ba a yinsa a firgice ranar da yaro ke kuka. Tun yanzu ake neman mai yi, a kuma nemi yardar mijinta.

Muka tafi unguwar Elig-Edzoa wurin ƙanwata, wadda 'yata ke kira Inna Ƙarama. Tun muna 'yan mata ni da ita muke cewa za mu haɗa 'ya'yanmu aure, ta haifi mata in haifi maza, kada dukiya ta fita waje, dukiyar da ba mu da ita. Ta riga ta cika nata alkawarin, mata uku reras. Na zauna na biya mata yatsan tahiya. Ta saurara tana jijjiga ta goye. Ta ce to shi ke nan, ta yi asarar suruki ta samu ɗa, kuma ɗa ba ya sakin uwarsa. Na ce idan lokacin ya zo ba ta shayarwa fa. Ta ce in dube ta da kyau, yaushe rabon da in ga bayanta ba goyo. Mijinta da aka gaya masa ya ce Allah ya kawo, shi da ma yana neman wanda zai riƙa raka shi masallaci.

Da na koma gida na ce wa Goggo na yarda. Wannan karon na san abin da na ce wa to.

Ranar aiki, ina kwance a gadon da ake turawa, likita ya sunkuyo ya ce ina karatunmu. Na ɗaga hannu na biya masa tsaf, da Faransanci, har da na tafin hannu. Ya ce wa nas ɗin da ta taɓa hana mu shiga ta saurara. Daga baya na ji an ce yana sa wasu ma su mayar masa da abin da ya faɗa kafin su tashi, ban sani ba ko ya ɗore.

Na farka da ƙishi da zafi kamar an ɗora mini garwashi. Gefen dama ya yi ruwa, ya daɗe ana wanke shi, wankin da ba na so in tuna. Amma ban firgita ba, na san shi, yana kan yatsana. Tabon ya yi kauri a wuri ɗaya. Na hagu ya fi na dama kaɗan. Kowanne ya zo sai in ce, ai kai ne, an gaya mini za ka zo. Baƙon da aka yi maka albishir da shi ko mummuna ne ba ya kai wanda ya faɗo ta katanga.

Ranar da na fara yin azahar a tsaye, na yi ruku'u na taso kamar an cire mini dutsen niƙa daga wuya. Ban rufe ƙofa ba. Da na sallame na ga Goggo a bakin labule ta yi kamar tana neman buta. Bayan likita ya ba da izini na koma bakin turmi, ta saurara daga ɗaki ta ce yau kam an yi daka. Matan bakin famfo suka rasa abin tsokana, suka koma cewa na zama amarya.

Aka kwana biyu, tilawar safe ta tsaya, don ba wanda ya ga sauran amfaninta. Sai ga ciki. Murnar da aka yi a gidan ba ta faɗuwa. Ƙirjina ya ɗan cika, ya tsaya inda ya kamata, na ɗauki wannan alamar alheri ce. A cikin watannin nan na gina wa kaina tabbaci cewa nono zai zo. Ina ɗaga yatsan a tahiya kullum, amma abin da aka ɗora masa ya zame ban ji faɗuwarsa ba.

Namiji na haifa. Ƙanwata ta tattaro ta zo zaman jego da tata jaririyar a baya, kamar yadda ta ce. Aka dafa ruwan wanka da ganye, aka dama kunun kanwa, aka yi duk abin da ake yi don nono ya kawo. Na hagu ya ɗan tsatso. Na dama ko ɗigo. Yaro ya kama ya ja ya ja, ya saki ya tsala kuka, ya sake kamawa. Ƙanwata ta miƙo hannu sau da yawa, ina cewa a bari tukuna, yanzu zai zo. Ba ta matsa ba. Goggo ma ta bar ni da ɗana, sai dai na ga tana yawan duban leɓensa.

Ana gobe suna, da la'asar, gida ya cika da hayaniyar mata da ƙarar tabare a tsakar gida. Ni kaɗai a ɗaki da shi, kukansa ya fara dushewa, ya koma wani siririn sauti da ya fi kukan tsoratarwa. Na dube shi na dubi ƙirjina. Wani baƙin ciki ya taso mini, na ji kamar an cuce ni, kamar an karɓe mini abu ba da sanina ba. Na fashe da kuka ina cewa da na san haka ne da ban yarda ba, ba wanda ya gaya mini haka abin zai kasance. Kuma a lokacin har zuciyata haka na gaskata.

Ban san 'yata tana bayan ƙofa ba. Ta shigo a hankali da ɗan kallabinta a karkace, ta hau gado ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba, don tsakanina da ita akwai kunyar fari. Ta kama hannuna na dama ta buɗe shi a kan cinyarta yadda Goggo ke yi. Ta tsallake sauran yatsun ta riƙe manuni. Sai ta ɗauko muryar tilawa, irin tawa sak, har da inda nake jan numfashi.

"Nono ko ya zo, ko kada ya zo, ko ya zo kaɗan. In bai isa ba, akwai na Inna Ƙarama." Ta lanƙwasa yatsan, ta dube ni. "Inna, ai ke kika biya, ni ma na iya. Tana nan bakin murhu. In kira ta?"